Inda Doña Yoya Ta Ɓoye Fulawa

Shekara ashirin da shida na yi ina buga kwaɓi a gidan burodin Doña Yoya, saboda haka in na ce na san matar nan, ba a bakin 'yan zaman kashe wando na ji labarinta ba. Sunanta na gaskiya Eulogia Berríos, amma ko limamin cocinmu Yoya yake ce mata. Gajeruwa ce mai kaurin damtse, dariyarta ba ta wuce ta ɗan karkace baki. Gara in faɗa tun yanzu, ba ta da daɗin zama. Sai ta yi kwana uku ba ta ce maka sannu ba. Amma ranar da mijina ya faɗo daga kan bishiyar lemo ya karye, ita ta cicciɓe shi ta jefa a bayan motarta, ta kai shi asibiti tana zaginsa tun daga ƙofar gida har gaban likita.

Unguwarmu La Cuchilla tana can saman duwatsu, cikin gonakin kofi da agade. Hanya ɗaya ce ke hawowa, gada ɗaya ce a kan kogi. Gidan burodi ma ɗaya ne, wanda ta gada daga mahaifinta Don Saturnino, da tanderunsa na jan bulo mai cin itace. Masu burodi na cikin gari duk sun koma gas da lantarki, ita ko ta ce ba da ita ba. Abin alfaharinta guda ne a duniya: tun da ubanta ya buɗe ƙofar nan, gari bai taɓa wayewa ba burodi a kan kantar shagon ba. Ko ranar da aka binne mijinta, sai da ta kwashe na safe daga wuta sannan ta shiga ta sa baƙaƙen kaya.

Da watan Yuni ya kama, lokacin guguwa ke nan, Doña Yoya takan zama wata iri. Itacen da zai yi wata biyu an faskara an jera a ƙarƙashin rumfa. Tankin ruwan sama an wanke an cika. Gishiri, yis, kitse, ashana a cikin kwalabe, kowanne da wurinsa. Katakon rufe tagogi ta rubuta wa kowanne lamba da jan fenti don kada a tsaya neman wanne ne na ina. Janareta kuwa duk Lahadi bayan an taso daga coci sai ta tayar da shi, ya yi ta ɓaɓatu minti goma yana hana mutane barcin rana. A lokacin ba ta da zance sai na rediyo, ta kafa kunne tana jin inda iska ta kwana a cikin teku.

Sai kuma tormentera. Wannan ita ce bukkar guguwa da Don Saturnino ya gina da hannunsa a gindin tudun da ke bayan gidan burodin, taku hamsin daga ƙofar baya. Rabinta a cikin ƙasa take, rufinta ya sauko har ya taɓa ciyawa, sai mutum ya durƙusa yake shiga. Yana ɗan shekara goma wata guguwa ta ɗauke gidansu da duk abin da ke ciki, a irin wannan rami suka tsira su tara. Shi ya sa har ya mutu magana ɗaya yake nanata wa 'yarsa: in an ce guguwa na tafe, kada ki bar komai a sama, ki kai shi ƙasa inda iska ba za ta sa hannu ba. Kuma ba ƙarya ya yi ba. Sau biyu a zamanina iska ta yaye kwanon ɗakin ajiya na saman bene, sau biyun nan fulawarmu tana kwance lafiya a tormentera, washegari muka fitar da burodi mutane na layi har bakin coci.

To sai dai mutanenmu. Ni dai ban taɓa ganin masu son banza irin 'yan La Cuchilla ba, kuma a ciki aka haife ni. Tun da suka gane Doña Yoya ba ta wasa da shiri, sai kowa ya miƙe ƙafa. In rediyo ya ce a tanadi abinci, sai ka ji ana cewa, “Ai Yoya na nan.” Su ne kuma za su zauna suna yi mata dariya duk sa'ad da muka sha wahalar sauke buhuna arba'in da baro, guguwar ta kauce ta yi arewa, muka sake hawa da su. Shugaban masu dariyar shi ne Tingo, wani ƙato da ya yi ritaya daga aikin gyaran hanya tun da sauran ƙarfinsa, ya kafa teburin wasan domino a inuwar rumfarmu kamar ubansa ne ya gina ta.

“Doña, yau ma an kai yaran makaranta?” in ji shi, in ya ga mun wuce da baro. “Buhunan nan sun fi ni ganin duniya. Sama, ƙasa, sama, ƙasa!”

“Sun fi ka amfani ma,” take cewa ba tare da ta dube shi ba. “Matsa da ƙafarka ko in bi ta kai.”

'Yarta ɗaya ce, Nereida, ma'aikaciyar jinya a birnin Orlando, can Amurka. Shekara da shekaru tana roƙon uwar ta rufe ta koma wurinta. Da ta ga ba ci, sai ta turo magina aka cire kwanon ɗakin sama aka zuba rufin siminti mai kauri, wai ko hankalinta ya kwanta. A zuwan da ta yi ganin aikin ne suka yi ta a gabana, ina tsaye hannuna dumu-dumu da kwaɓi.

“Mami, shekararki sittin da tara. Gwiwarki ta gama aiki. Wa kike wa wannan wahalar? Tingo?”

“Ba wanda nake wa. Aikina nake.”

“To sai yaushe? Sai an kira ni an ce kin faɗi a gaban wuta?”

Doña Yoya ta goge hannu a jikin zanen aikinta ta ce, “Nena, 'yata, saurara da kyau, ga Provi nan shaida. Ranar da gari ya waye ban fitar da burodi a gidan nan ba, ki zo ki ɗauke ni, ba zan ce miki uffan ba. Kafin ranar kuma kada ki sake tayar min da zancen.”

Nereida ta dube ni, don ni ce Provi ɗin, na sunkuyar da kai. Na san matar da nake aiki da ita. Ba ta taɓa faɗar magana ta janye ba, ko da maganar za ta ci ta.

Shekara huɗu bayan haka, a cikin Satumba, rediyo ya fara kiran wata guguwa da murya irin wadda ba mu saba ji ba. Suna ta cewa wannan tafiyar hawainiya take, kuma ruwan da ta ɗauko ya fi iskarta. Ran Litinin da rana Nereida ta bugo waya, uwar ta sa ta a kan teburin kwaɓi don hannunta ba sarari, shi ya sa na ji komai.

“Mami, na roƙe ki da girman Allah, bar fulawar nan a sama. Siminti ne fa yanzu, ba kwano ba. Ruwa suka ce, ruwa!”

“Kakanki ya ga guguwa tun ba a haifi mai karanta labaran ba.”

“Kaka bai ga rufin siminti ba!”

“Kashe wayar nan, Provi, ɗauko baro.”

Na kashe, na ɗauko. A nan ne nake jin haushin kaina har yau. Ina da baki, na kuma ji abin da yarinyar ta ce, amma ko a raina ban ga laifin abin da muke yi ba. Haka na taso na ga ana yi, uwata ma ƙarƙashin gado take tura komai in iska ta taso. Muka sauke buhu arba'in da biyu, da yis, da gishiri, da rabin kitsen, muka jera su a kan katako a cikin tormentera, muka lulluɓe da tamfol, ta ja ƙofa ta sa kwaɗo. Kwaɓin burodin Talata kawai muka bari. Tingo ya ɗaga kwalbarsa ya ce mu gai da mutanen ƙasa.

Abin da zai ba ka dariya, in kana da sauran dariya, shi ne inda mu kanmu muka fake. A cikin gidan burodin muka zauna, ni da ita da mijina, ƙarƙashin wannan rufin simintin. Mun yarda ya tsare rayukanmu, amma ba mu yarda ya tsare fulawa ba, kuma babu wanda abin ya ɗaure wa kai a cikinmu.

Laraba da safe guguwar ta iso. Ba zan tsaya ba da labarin iska ba, kowa a tsibirin nan yana da nasa. Ta yi abin da ta saba, ta kwashe kwanoni, ta kwantar da agade, ta karya sandunan wuta. Doña Yoya na zaune a kan kujera, hannu a ƙirji, tana jin katakon tagoginta na riƙe da kansu, har da ɗan karkace bakin nan nata. Da safen nan ma ta fitar da burodi, da ragowar kwaɓin da ta ɓoye, ko da yake mu uku muka ci. Iska ta lafa wajen azahar. Ruwa ne ya ƙi tsayawa. Ya yi ta zuba kamar an buɗe bakin tanki, har ƙasa ta ƙoshi ta fara amayar da shi.

Wajen la'asar muka ji wani ruri daga baya, ba irin na iska ba, mai nauyi, har kwanukan gashi suka yi ta kaɗawa a kan kantar shagon. Kafin mu miƙe ya wuce. Doña Yoya ta buɗe ƙofar baya. Tudun da muka sani tun muna yara babu rabinsa. Ya zaftaro gaba ɗaya da bishiyoyin kofinsa da duwatsunsa, ya tsaya taku goma daga inda muke. Wurin da tormentera take, jan taɓo ne tsayin gida biyu, da wata bishiyar mangwaro a kai saiwarta na kallon sama.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati irin namu na kiran Budurwa Maryamu ba. Ta juya ta kama matakalar bene tana jan gwiwa, na bi ta. Ta tura ƙofar ɗakin ajiya. A bushe yake ƙayau. Ko ɗigo ɗaya bai shiga ba. Yanar gizo-gizon da ke kusurwa tana nan yadda muka bar ta, a ƙasa kuma ga shatin buhunan nan arba'in da biyu a cikin farar ƙura, layi-layi, kowanne da inda ya zauna. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, “Kawo tsintsiya.” Muka share ƙurar tas muka tankaɗe, ba ta cika kwano biyu ba.

Washegari Alhamis ta hura tanderu kamar kullum. Ni dai ban tambaye ta me za a gasa ba. Kafin rana ta ɗaga mutane sun fara gangarowa, wasu ba takalmi, wasu da yara a kafaɗa, suka ja layi kamar yadda suka saba. Gada ta tafi, hanya ta yanke, ba wuta ba waya, kuma yawancinsu ko gwangwanin wake ba su ajiye ba. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Babu burodi. Fulawa na ƙarƙashin wancan.” Ta nuna da haɓa.

Mutane suka juya suna kallon taɓon. Sai Tingo, wanda rufin gidansa ke can cikin kogi, ya matso yana leƙen bene.

“Doña, ɗakin saman fa? Ya jiƙe ne?”

“Bai jiƙe ba.”

“Au! Wato da kin zauna kin huta kamar kowa, da yanzu muna cin burodi?” Ya juya wajen mutane yana buɗe hannuwa. “Kun ji fa. Mu da muka dogara da ita ba mu sayi komai ba. Yanzu yaran nan me za su ci, dabara?”

Na rantse da Allah da mijina bai riƙe ni ba, da muciyar kwashe burodi zan sauke masa a ka. Na ce, “Kai Tingo, marar kunya! Buhu nawa ka taɓa ɗauka a nan? Ita ta haife ka da za ta ciyar da kai?” Amma abin da ya fi ƙona min rai, ba wanda ya tsawata masa. Wasu ma gyaɗa kai suke. Wata mata da Doña Yoya ta yi wa 'yarta burodin biki da hannunta ta ce a hankali, “Gaskiya dai da ta ji maganar Nereida.” Doña Yoya ta ji. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta koma ciki.

Jim kaɗan ta sake fitowa ta ce wuta na ci a banza, duk mai abin gasawa ya kawo. Nan fa aka shiga kwaso agaden da iska ta zubar, da gwaza, da rogo, da kabewa, da naman da ya fara narkewa a firji, har da aladen wani da bango ya danne. Ita kaɗai ke da busasshen itace a duk La Cuchilla, ita kaɗai ke da ruwa mai tsabta, janaretanta ne ya riƙe maganin masu ciwon sukari da sanyi. Kwana goma sha ɗaya tanderun nan bai huce ba, kuma ba wanda ya kwana da yunwa a unguwar. Tingo ma sau biyu yake zuwa da kwanonsa a rana, yana ci yana cewa gishiri bai ji ba.

Ni a ganina wannan ya fi burodi. Na gaya mata haka ran kwana na biyar, muna fere gwaza.

“Doña, ko Don Saturnino bai taɓa yin abin da kika yi ba. Kin riƙe unguwa guda.”

“Gwaza na gasa, Provi.”

“To ai abinci ne.”

“Me aka rubuta a saman ƙofar can?”

Na ɗaga kai na duba, “Gidan Burodi” aka rubuta. Kullum da yamma, in an gama rabo, sai ta ɗauki shebur ta nufi taɓon nan ita kaɗai. Maza biyu sun taya ta kwana ɗaya suka gudu. A kwana na takwas ta kai ga kusurwar tamfol, ta jawo wani abu mai tsami, ruwan toka, da tsutsa a ciki. Ta shinshina, ta mayar, ta tura ƙasa a kai da ƙafarta. Daga ranar ba ta sake komawa ba.

Ran kwana na goma sha biyu Nereida ta iso. Jirgi ta samu zuwa babban birni, mota ta kawo ta bakin kogi, ta tsallako da igiyar da samari suka ɗaura, ta hawo sauran da ƙafa, taɓo har gwiwa. Ta rungume uwar tana kuka. Ta ga tudun, ta hau bene ta ga ɗakin, ta sauko. Yarinyar nan tana da hankali, ko da ido ba ta nuna ita ce mai gaskiya ba. Sai da ta shiga ɗakin kwana ta tarar da akwati a ɗaure a kan gado.

“Mami, wannan fa?”

“Kin zo ɗaukata, ga ni.”

“Ni ban zo ɗaukar kowa ba! Na zo in ga ko kina da rai. Wa ke zancen wancan maganar yanzu? Dutse ne fa ya faɗo, ba laifinki ba ne. Hanya za ta buɗe, fulawa za ta zo, in taya ki mu...”

“Dutse bai ɗauki baro ba. Ni na ɗauka.”

“Na yafe alkawarin, Mami. Provi, gaya mata na yafe!”

“Ba ke kika yi shi ba, balle ki yafe.”

Na sa baki, na yi roƙo, har na yi mata rashin kunyar da ban taɓa yi ba, na ce girman kai ne kawai ke damunta. Ta ce ta ji. Ta ciro makullai daga wuyanta ta ajiye a kan teburin kwaɓi, ba ta ma miƙo min a hannu ba.

Da safe muka raka su bakin kogi. Mutane sun fito, amma ba don ita ba, an ce za a jefo kayan agaji daga sama. Tingo na cikinsu. Da ya ga akwati sai ya saki baki.

“A'a, Doña, ina zuwa? To wa zai riƙa yi mana burodi?”

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta kama igiya, ta sa ƙafa ɗaya a ruwa, sannan ta waiwayo ta ce min, “In fulawa ta zo, ki ajiye a sama.” Na ce ai ita za ta dawo ta ajiye da kanta. Ta juya ta shiga ruwan, Nereida na riƙe da ƙugunta.

Shekara shida ke nan. Fulawa ta zo bayan mako biyar, na ajiye a sama. Rabin unguwar sun bi ta Orlando da sauran wurare, yanzu sau uku nake hura wuta a mako, shi ma sai ya yi kwantai. Waɗanda suka rage kullum cikin yi min mita suke, wai nawa bai kai na Doña Yoya ba, wai irin matar nan ba za a sake yi ba. Tingo ya fi kowa faɗa, har da dafa ƙirji. Ina jinsu, ina naɗe musu burodi a takarda, zuciyata na tafasa.

Ita kuwa tana hawa na bakwai a wani dogon gini. Takan kira ni ran Lahadi, ta tambayi gwiwar mijina, ta tambayi wa ya mutu. Ba ta taɓa tambayar gidan burodi ba, in na ɗauko zancen sai ta ce ana kiranta. Nereida ce ta gaya min cewa a shekarar farko ta sayo mata fulawa mai kyau da yis, ta ajiye mata a kicin ko za ta ɗan motsa hannu. Har fulawar ta yi ƙwari ba a buɗe ta ba. Na ce to me take ci da kofi da safe? Ta ce na kanti, yankakken nan na cikin leda. Na ce tana dai zaginsa ko? Ta ce a'a, ci kawai take.